Birki ne ke cin tseren manyan motoci

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka sayo faifan gem na tseren manyan motoci ka sa wa PS4 ɗin shagonka a Daura, yara suka yi masa caa kwana biyu, daga nan suka watse suka koma ƙwallo. Kukansu biyu ne: mota ba ta shan kwana, kuma da an zaga fili sau biyu ko uku sai birki ya daina ci. Kana son sanin ko faifan ne ya lalace ko hannun gem ɗin, sannan ko akwai gaskiya a maganar da wani ya faɗa maka cewa mai son koyon tuƙin tirela zai iya farawa da shi.

Faifanka lafiya lau yake. Abin da yaran ke kira matsala, shi ne gem ɗin gaba ɗaya, don shi aka yi shi. Ni shekara 11 na yi a babbar mota, 4 ina yaron mota, 7 ina riƙe da sitiyari, yanzu kuma gyaran birkin iska nake yi a gareji nan Katsina. Ɗana ne ya shigo da gem ɗin gida. Ranar da na fara zama a gabansa, da na ga mota ta ƙi tsayawa bayan birki ya ɗau zafi, sai da na gyara zama, domin na san wannan abin a jikina tun kafin a haifi yaron.

Daga yadda ka kwatanta, wanda ke hannunka shi ne FIA European Truck Racing Championship, wanda kamfanin Bigben na Faransa ya fitar a 2019 don PS4 da Xbox One da Nintendo Switch da kwamfuta. In faifan Amurka ne, za ka ga an rubuta Truck Racing Championship kawai. Kada ka haɗa shi da Euro Truck Simulator 2, wanda kamfanin SCS Software na ƙasar Cek ya fitar a 2012. Wancan na ɗaukar lodi ne a kai wani gari cikin natsuwa, a tsaya a danja, a sha mai. Naka kuwa kwaikwayon wata gasa ce ta gaske da ake yi a Turai tun 1985, a ƙarƙashin FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya. Filayen da ke ciki ma na gaske ne: Nürburgring a Jamus, Misano a Italiya, Hungaroring a Hangari, Zolder a Beljiyam, Le Mans a Faransa, Jarama kusa da Madrid. Direbobin da yaran ke gogayya da su mutane ne masu rai, irin su Jochen Hahn Bajamushe, wanda ya ci kambun sau 6 daga 2011 zuwa 2019, da Norbert Kiss ɗan Hangari, da Steffi Halm, mace ce da ke karawa da maza a layi ɗaya tana kuma cin su.

Yanzu dubi motar da kanta. Kan mota ne zalla, ba bodi ba tirela a bayansa. Dokar gasar ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 5,300, wato ya ninka ƙaramar motar haya wajen sau huɗu. Injin gas ne mai girman kusan lita 13, irin wanda ke cikin MAN da Iveco da muke gani a hanyar Kano, sai dai an ƙara masa wuta har ya haura ƙarfin doki 1,000, alhali daf ɗin da ke jan tan 30 na siminti bai cika wuce 500 ba. An kuma ja injin baya zuwa tsakiyar shasi don nauyi ya rabu. Amma duk wannan ƙarfin an ɗaure shi da doka guda: ba a yarda mota ta wuce kilomita 160 a awa ba. Wanda ya wuce, hukunci ne.

Wannan dokar ce ya kamata yaranka su fara ganewa. A gem ɗin ƙananan motoci da suka saba, mai motar da ta fi gudu yakan wuce kowa a miƙaƙƙiyar hanya. A nan kowa yana kai 160 ya tsaya a nan, na gaba da na baya gudunsu ɗaya, ko ka danne totur har yatsa ya yi ciwo. To a ina za a wuce mutum? Wuri biyu ne kacal: wajen taka birki kafin kwana, da wajen fitowa daga kwana. Wanda ya fito da gudu mai kyau shi zai riga kai 160, wanda birkinsa ke da lafiya shi zai iya jinkirta takawa da ɗan taƙi ya shige ta ciki. Ka tuna jafi a ƙofar fada ran hawan sallah. Sakin doki a guje kowane yaro zai iya. Wanda jama'a ke yi wa guɗa shi ne wanda ya taho a sukwane ya ja linzami, doki ya turje daidai inda ake so, bai wuce ba bai gaza ba.

Bari in daɗe a kan birki, don nan ne aikina.

Birki ba ya ɓatar da gudu, mayar da shi zafi yake yi. Duk ƙarfin da mota ta taho da shi, in ka taka, sai ya koma zafi a jikin ƙarfen da ke cikin taya. Na taɓa sa ɗana ya lissafa min da abin da suka koya a makaranta: mota mai kilo 5,300, a sauko da ita daga kilomita 160 zuwa 60 don shan kwana guda, zafin da zai fita ya isa ya tafasa ruwa kusan lita 14. Taka ɗaya ke nan. A zagaye guda akwai irin wannan takawar da yawa, kuma kafin ƙarfen ya huce an sake iso wata kwanar. Sannan ka sani gudu ba ya tafiya daidai da zafi: in ka ninka gudu sau biyu, zafin ninkuwa yake sau huɗu. Idan ƙarfe da fatar birki suka wuce iyakar zafinsu, fatar takan yi sulɓi, kamunta ya ragu, ka taka har ƙasa mota tana tafiya abinta. Direbobinmu sukan ce birki ya shanye, ko ya ƙi ci. Shi ne abin da yaranka ke gani a zagaye na uku.

Maganin da masu tseren suka yi shi ne ruwa. Kowace mota tana ɗauke da tankin ruwa, wajen lita 200, da ƙananan bututai masu fesa shi kai tsaye a kan faifan birki. In ka kalli tseren na gaske za ka ga farin tururi na tashi daga ƙarƙashin tayoyin gaba a kowace kwana, ba hayaƙi ba ne, ruwan ne ke ƙonewa. Masu gem ɗin sun sa wannan a ciki: akwai maɓalli na fesa ruwa, akwai alamar zafin birki a allo, akwai alamar ruwan da ya rage. Ina da yaƙinin yaranka ba su taɓa danna shi ba, don ba wanda ya gaya musu. Shiga wajen saitin maɓallai ka ga wanda aka ba wa ruwa, ka rubuta a takarda ka manna a jikin talabijin.

Sai dai ruwan ba rijiya ba ne, ƙarewa yake. Yaron da ya gano maɓallin yau, gobe zai danne shi tun daga farkon tsere, kafin a kai rabi tanki ya ƙafe, ya koma gidan jiya. Yadda nake yi shi ne, nakan fesa a lokacin da nake kan birki mai nauyi da ɗan bayansa, in na ga alamar ta sauko sai in saki. A doguwar miƙaƙƙiyar hanya iska ma tana taimakawa, ba sai ka zuba ba. Birkin tsere kuma ba ya son sanyi ƙarara, yana da zafin da ya fi kamawa a kai, don haka ba so ake a mayar da shi randa ba. Ka raba ruwan da yawan zagayen da ke gabanka, ka bar ɗan ragowa don zagaye biyu na ƙarshe, lokacin da birkin abokan hamayya ya gaji. Yawancin wucewar da nake yi a nan nake yin ta.

Wani abin da ke cinye birki shi ne doguwar taka mai laushi. Yaro ya ji tsoron kwana, tun daga nesa ya ɗora yatsa a kan birki rabi-rabi yana ja. Wannan ya fi ƙona ƙarfe, don ba ya samun hutu. Gara ka taka da ƙarfi mota tana miƙe, ka gama rage gudunka, ka sassauta a hankali yayin da kake karya sitiyari.

Nan muka iso ɗaya kukan nasu, wai mota ba ta shan kwana. Taya tana da iyakar abin da za ta iya riƙewa a kwalta. In ka ba ta aikin birki gaba ɗaya, ba sauran ƙarfin da za ta juya da shi. Tan biyar na tura tayoyin gaba, ka karya sitiyari, su kuwa sai su zame su miƙe, mota ta nufi yashi. Abin da yaro kan yi a nan shi ne ya ƙara karyawa, kuma hakan ƙara zamewa yake sa su. Gyaran yana baya, tun kafin kwanar: an shigo da gudu fiye da kima. Ga kuma tsayi. Direban babbar mota a sama yake zaune, kusan bisa tayoyin gaba, nauyinta ma a sama yake, shi ya sa takan yi rangaji kafin ta zauna a kwana. Ka karya sau ɗaya a natse, ka jira ta kwanta a kan tayoyin waje, kada ka yi ta fizgar sanda hagu da dama.

Wajen fitowa kuma matsalar juyewa take. Tayoyin baya ne ke ja, ba lodi a kansu, ga injin mai ƙarfin juyi kamar me. Duk direban da ya taɓa tuƙa kai ba bodi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta da damina ya san yadda ƙugun mota ke neman wuce kanta. A gem ɗin ma haka ne: ka danne totur gaba ɗaya sitiyari na karye, baya ya fita. Amma kuma injin mai turbo ba ya amsawa nan take, yana ɗan jinkiri kafin ƙarfin ya zo. Saboda haka akan fara taɓa totur da wuri, kaɗan, a tsakiyar kwana, ana ƙarawa ana warware sitiyari, yadda ƙarfin zai iso daidai lokacin da mota ta miƙe. Giya kuwa kada su dame ta. Direbobin gaske ma a manyan giyoyi suke zama kusan duk tseren, don injin gas a ƙasa-ƙasa yake ba da ƙarfinsa, ihu ba ya ƙara masa komai.

Duk da na ce faifan lafiya yake, ka duba hannayen gem ɗinka. R2 da L2, maɓallan totur da birki, ba irin na kunnawa da kashewa ba ne, suna jin nauyin yatsa, kuma a wannan gem ɗin rabin dannawa daban yake da cikakkiya. Hannun da ya shekara a shago ana buga ƙwallo da shi, sau da yawa sifirin ɗin cikinsa ya saki, ko ƙurar hunturu ta shige shi, ko sandar hagu tana jan gefe da kanta. A ƙwallo ba a cika lura ba, a nan kuwa nan take zai nuna. Ware hannu guda mai lafiya don tsere. Talabijin ɗin ma, in tana da saitin gem, kunna shi, yana rage jinkirin da ke tsakanin yatsa da hoto. Sitiyarin gem irin Logitech G29 yana aiki da PS4, yana juyawa digiri 900, da abin takawa a ƙasa, kuma da shi gem ɗin wani abu ne daban. Amma kuɗinsa ba kaɗan ba ne, yara kuma ba sa tausayin kaya. Kada ka saya sai ka ga an samu masu zama a kansa.

Hanyar dawo da su kuwa, a ganina, kada ka jefa sabon shiga cikin tsere da motoci cike da fili. Gem ɗin yana da gwaje-gwajen lasisi a farkon gasar, na tsayawa da shan kwana da sanyaya birki, su fara da su. Ka bar musu giya mai canza kanta da layin da ke nuna hanya a kwalta. Sannan ka zaɓi fili ɗaya, ka rataye allo, kowa ya yi zagaye uku shi kaɗai a rubuta lokacinsa. Da zarar an ga sunan wani a sama, sauran ba za su yi barci ba. In sun ƙware sai su shiga gasar sosai, wadda tsarinta ma mai daɗi ne: tsere 4 a ƙarshen mako, 2 kowace rana, kuma a na biyun akan juya jerin mutum 8 na farko, wanda ya zo na takwas ya tashi a gaba, wanda ya ci ya tashi a na takwas. Tashin ma a guje ake yi, ba daga tsaye ba, kuma ba a shiga gareji canza taya. Lissafin kuɗi ka yi shi da zagaye ko da tsere, kada ka yi da minti irin na ƙwallo, don yaron da agogo ke kora ba zai taɓa koyon haƙurin da motar ke nema ba.

Saura tambayarka ta ƙarshe, kuma ita ta fi damuna. A'a, ba a koyon tuƙin tirela da wannan gem ɗin. Ba tirela a bayanka, ballantana ka koyi yadda bodi ke yanke kwana ya taka abin da kai ya tsallake. Ba ribas da bodi, wanda shi ne ke raba direba da mai sha'awa. Ba agogon iska da za ka riƙa kallo, ba lodi mai motsi irin na tankar mai, ba rami, ba shanu masu tsallaka titi a hanyar Mai'aduwa, ba ɗan acaɓa da zai ɓullo ta gefen da madubi ba ya nunawa. Gem ɗin yana ma koyar da abin da zai kashe mutum a titi: bin mota daf da daf, goga kafaɗa, jinkirta birki. Dokar hanya ta Najeriya kilomita 60 ta yanka wa tirela da tanka a babban titi, kuma lasisinsu daban ne, rukunin G.

Ko maganar ruwan nan kada a ɗauke ta a kai titi. Motar tsere an ƙera birkinta don feshi, kaɗan-kaɗan, tun kafin zafi ya yi yawa. Yawancin tirelolinmu kuwa birkin ganga gare su, wato ƙarfe mai siffar ganga da fatar birki ke kamawa ta ciki, ba faifai ba. Ka tsaya ganga ta yi ja, ka kwara mata bokitin ruwa, tana iya tsagewa ko ta murɗe. Ina karɓar irinsu a gareji, wata tsagar sai ka sa farce ka ji ta. A titi, abin da ke riƙe mota a gangara shi ne ƙaramar giya da birkin injin, birkin ƙafa taimako ne kawai.

A Hawan Kibo na koyi wannan, ina yaron mota, mun ɗauko lodi daga Jos za mu gangara ta Akwanga. Tun kafin a fara sauka maigidana ya tsaya, ya sa na zaga na duba tayoyi na saurari ko iska na zuba, sannan ya sa ƙaramar giya muka fara rarrafe, injin na gurnani. Wata tirela ta wuce mu a guje, fitilar birkinta a kunne tun daga sama ba ta mutu ba. Maigida bai ce komai ba sai salati. Da muka sha kwana biyu zuwa uku a gangarar, wari ya fara isowa, warin fatar birki mai ƙuna, wanda in ka taɓa shaƙarsa ba ka mantawa. Can ƙasa muka tarar da ita, direban ya samu ya kara ta da gefen tudu ta tsaya, hayaƙi na fita daga tayoyin baya, shi yana zaune a ƙasa ya dafe kai, ƙafarsa na rawa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Ya ce ya taka har ƙasa, ya yi ta bugawa, ba komai. Bugawar ma cinye masa iska ta yi. Tirela mai tan 40 a gudun kilomita 80, zafin tsayar da ita ya kusa ninka na motar tseren nan sau biyu, kuma a gangara tudun ƙara mata yake yi kowane taku.

Wannan darasin guda ɗaya gem ɗin yana koyar da shi da gaske, kuma saboda shi nake ganin girmansa. Yaron da ya ji a yatsansa cewa nauyi ba ya tsayawa don an so, cewa birki abu ne mai ƙarewa, ya san abin da direbobin ƙananan motoci da yawa ba su sani ba. Su ne masu shan gaban tirela su taka birki a hancinta don sauke fasinja a Ƙofar Ƙaura. Ɗana, tun da ya fara buga gem ɗin, in muna tafe a mashin ya hango babbar mota a baya, da kansa yake cewa in ba ta hanya.

In akwai mai son tuƙin da gaske cikin yaran shagonka, ya nemi direba mai hankali ya bi shi, ya fara da duba iska da ɗaurin kaya da sa waigi a taya, ya je makarantar tuƙi ya yi lasisinsa. In kuma ka shigo Katsina, ka taho min da hannun gem ɗin da kake zargi in buɗe shi, ka ga tsagaggiyar ganga guda da na ajiye a bayan gareji, ka ɗauki hotonta ka nuna musu.